Sarewa da soyayya: Darasin da Sakkwato za ta ɗauka daga tarihin busar Turawa

A wasu makarantun firamare masu zaman kansu na biranen ƙasar nan, idan sabon zangon karatu ya kama, cikin jerin kayan da ake turo wa iyaye su saya akan tarar da wata 'yar sarewa ta roba. Uba ya shiga kasuwa ya sayo ta da ɗan kuɗi kaɗan, yaro ya kawo ta gida ya yi ta tsala mata iska har kunnen kowa ya gaji. Daga ƙarshe a ɓoye ta a bayan kabad, a huta.

Kaɗan ne daga cikin iyayen suka san cewa abin da suka ɓoye ɗin ya haura shekara 600 a duniya, kuma akwai zamanin da sarakunan Turai ke biyan albashi mai tsoka ga masu busa shi. Mafi yawan abin da ake busawa da shi a wancan zamani waƙoƙin soyayya ne: bege, rabuwa, kishi da jiran wanda bai zo ba.

Turawan Ingila na kiran wannan sarewa rikoda. Sunan ba shi da alaƙa da rakodar kaset da muka sani, domin tun a shekarar 1388 aka rubuta shi cikin lissafin kuɗin gidan wani basaraken Ingila wanda daga baya ya zama Sarki Henry na Huɗu. Mutanen Italiya kuwa suna kiran ta da wani suna mai ma'anar sarewa mai zaƙi.

Tarihinta ya shafi mutumin Sakkwato ta fuska biyu. Ƙasar Sakkwato tana da tata sarewar, wadda ta girmi birnin kansa, kuma ita ma ba ta rabuwa da maganar zuciya. Sa'annan abin da ya taɓa faruwa ga sarewar Turawa, wato ta ɓace ɗungurungum har na tsawon fiye da ƙarni guda, shi ne ke neman faruwa ga tamu a yau.

Yadda sarewun biyu suke

Rikoda bututu ce ta itace mai huda bakwai a gaba da guda ɗaya a baya, wadda babban yatsa ke rufewa. Sirrinta yana a bakinta. An cusa wani ɗan toshe na itace da ya bar siririyar hanya, iska ta bi ta nan ta daki wani kaifi, sai amo ya fito. Saboda haka ko yaro ɗan shekara biyar ya hura za ta yi kuka. Fitar da amo ba wuya, gyara shi ya yi daɗin saurare ne ke cin shekaru.

Sarewar da aka sani a hannun Fulani makiyaya da Hausawan karkara ba ta da wannan toshe. Da kara ko gora ake yin ta, a yanzu har da guntun bututun ƙarfe ko na roba, galibi da huda huɗu, kuma bakinta a buɗe yake. Mai busa ne zai karkata ta, ya tsara leɓɓansa yadda iska za ta daki gefen bakin. Wanda bai iya ba zai yini yana hurawa bai ji komai ba sai hucin bakinsa. Aikin da maƙerin Bature ya ɗora wa toshe, shi makiyayi ya ɗora wa leɓe.

Tsofaffin rikodojin da suka rage a duniya na ƙarni na 14 ne. An tono ɗaya a 1940 cikin ramin ganuwar wani tsohon gidan sarauta kusa da garin Dordrecht na ƙasar Holan, aka sake samun wata a 1987 a garin Göttingen na Jamus.

Zamanin da ta yi tashe

Tashenta ya zo ne daga wajejen 1500 zuwa tsakiyar ƙarni na 17. Masana tarihi na kiran kashin farko na wannan lokaci Renesans, wato zamanin farfaɗowar ilimi da fasaha a Turai, na biyun kuma, wanda ya soma daga wajejen 1600, suna ce masa farkon Barok. Idan mai karatu yana son ma'auni na gida, farkon wannan zamani ya yi daidai da lokacin da Kanta ke mulkin Kabi daga birnin Surame, jim kaɗan bayan Sarkin Kano Muhammadu Rumfa, wanda tarihi ya ce shi ya shigo da kakaki fadar Kano.

Fatauci da ɗab'i ne suka ɗaukaka ta. Birnin Benis na Italiya a lokacin cibiyar ciniki ce tsakanin Turai da ƙasashen Musulmi, kuma attajiransa na son nishaɗi a cikin gida. A 1501 wani maɗaba'i mai suna Ottaviano Petrucci ya buga kundin waƙoƙi kusan 100 da rubutun sauti, bayan ya samu izinin hukuma na cin moriyar wannan sana'a shi kaɗai har shekara 20. Daga nan waƙa ta zama haja kamar yadi da barkono. A 1533 Pierre Attaingnant ya buga kundin waƙoƙin Faransanci a Paris, ya kuma sa alama a kan waɗanda suka dace a busa da rikoda. Akasarinsu na soyayya ne.

A 1535 Silvestro Ganassi, mabushi a fadar shugaban Benis, ya wallafa littafin Fontegara, wanda shi ne littafi na farko da aka keɓe kacokan don koyar da busar rikoda. Babban darasinsa shi ne mai busa ya kwaikwayi muryar ɗan Adam: ya san inda zai sassauta numfashi don nuna baƙin ciki, da inda zai kaɗa yatsa don nuna murna.

Sarakuna ma ba a bar su a baya ba. Wajejen 1540 Sarki Henry na Takwas na Ingila, wanda aka fi sani da auren mata shida da ya yi a rayuwarsa, ya ɗauko 'yan'uwa biyar 'yan gidan Bassano daga Benis suka zama mabusan fadarsa. Da ya rasu a 1547, aka ƙirga kayansa aka tarar da rikoda 76.

Ba ɗaya kawai ake busawa ba. Ana ƙera su iyali guda, daga ƙarama mai siririyar murya zuwa doguwa mai kauri wadda ta fi mutum tsawo. Michael Praetorius na Jamus ya lissafa girma takwas a littafinsa na 1619. Mutum huɗu ko biyar sukan zauna a kewaye da teburi, kowa da tasa, kowa na bin layin da murya ɗaya za ta rera. Waƙar da aka tsara wa muryoyi huɗu sai ta koma busa huɗu, an cire kalmomi an bar karin.

Me ya haɗa ta da soyayya?

Dalili na farko amonta ne. Ba ta da ƙara irin ta kakaki ko algaita, waɗanda aka yi su don fili da taro da hawan sarki. Muryar rikoda ta ɗaki ce, ba ta wuce mutanen da ke kusa. Abin da ake faɗa da murya ƙasa ƙasa shi ya dace da ita.

Na biyu shi ne makiyayi. Marubutan Italiya na wancan zamani sun ƙaunaci labarin makiyaya masu soyayya a dawa. Jacopo Sannazaro ya fitar da Arcadia a 1504, Torquato Tasso ya rubuta Aminta a 1573, Battista Guarini kuma ya wallafa nasa wasan na amintaccen makiyayi a 1590. 'Yan fada masu sanye da alharini, waɗanda ba su taɓa kwana a garke ba, suka riƙa ɗaukar kansu makiyaya, sarewa kuwa ita ce alamar makiyayi. Masu zane suka bi sahu. A wani zane da Titian ya yi wajejen 1512 kan matakan rayuwa uku, budurwa ce zaune gaban saurayi riƙe da sarewa biyu, kuma duk wanda ya kalla a lokacin ya san abin da ake nufi: zukata biyu masu amo ɗaya. Masu wa'azi na Turai ma sun fahimci hakan, shi ya sa a zane-zanen Holan na ƙarni na 17 akan ajiye sarewa kusa da ƙoƙon kan mamaci don tunatarwa cewa daɗin duniya mai wucewa ne.

Na uku shi ne salon busar. Ƙwararren mabushi ba ya tsayawa ga karin da aka rubuta. Zai fara busa shi yadda kowa ya san shi, sa'annan ya sake bi ta kansa yana tsinka kowane dogon amo zuwa ƙanana biyu, sai huɗu, sai takwas, har yatsu su riƙa gudu kamar ruwan sama a kan kwano, alhali asalin karin yana nan a ƙasa bai ɓace ba. Mai saurare da ya haddace kalmomin waƙar yana jin su a zuciyarsa ko da ba wanda ya furta su. Duk wanda ya taɓa jin yadda kalangu ke magana ba tare da baki ba, ya san wannan hikima.

Makahon Utrecht da ma'aikacin Landan

Wanda ya fi kowa barin gado a wannan fanni makaho ne. An haifi Jacob van Eyck wajejen 1590 ba ya gani, ya kuma zama mai kula da ƙararrawar birnin Utrecht na Holan daga 1625. Da yamma yakan zauna a farfajiyar wata majami'a inda mutanen gari ke shan iska, ya riƙa busa. A 1649 hukumar wurin ta ƙara masa albashi bisa sharaɗin ya ci gaba da nishaɗantar da masu yawo da 'yar sarewarsa.

Tun daga 1644 aka fara buga busarsa a Amsterdam cikin kundin da sunansa ke nufin lambun nishaɗin sarewa, mai ɗauke da karin waƙa kimanin 140. Akwai na ibada, amma da yawa waƙoƙin soyayya ne da suka yi tashe a Turai, irin su Amarilli ta Giulio Caccini na Italiya, wadda aka buga a 1602, da Lachrimae ta John Dowland na Ingila, wadda sunanta ke nufin hawaye. Van Eyck ya rasu a 1657. Da yake ba ya gani, wani ne ya zauna ya rubuta abin da yake busawa. Ba don wannan marubuci ba, da busar ta bi shi kabari.

Akwai kuma Samuel Pepys, babban ma'aikaci a ofishin sojan ruwa na Landan, wanda ya shahara da littafin da yake rubuta al'amuransa na kullum. A watan Fabrairun 1668 ya je kallon wasan kwaikwayo, aka yi wata busa da ta ratsa shi, har ya rubuta cewa ta jefa shi cikin irin halin da ya shiga lokacin da yake neman auren matarsa. Bayan 'yan makonni ya je shago ya sayi rikoda don ya koya. Mutum ne mai fama da fayil da lissafin jiragen ruwa, amma busa ta tuna masa ƙuruciya.

Sarewa a ƙasar Sakkwato

Makiyayin da 'yan fadar Italiya suka riƙa ƙirƙira a takarda, a nan mutum ne mai rai. Wanda ya taso a gefen fadamar Rima, ko a ƙauyukan Kware, Wamakko da Dundaye, ko ya saba shiga Kasuwar Kara ranar da shanu suka cika ta, ya san ɗan Fulani da sanda a kafaɗa da sarewa a aljihu. Yana busa ta a wurin kiwo don ɗebe kewa, ana kuma busa ta a wajen sharo, inda samari ke nuna jarunta a gaban 'yan mata. Yaran Hausawa su ma sukan yi abin busa da karan dawa idan kaka ta yi.

Kiɗan da Sakkwato ta yi fice da shi a duniya na fada ne da na maza. Ibrahim Narambaɗa da Musa Ɗanƙwairo da kotso, Salihu Jankiɗi da taushi, Ɗan Anace da kalangun 'yan dambe. Waɗannan sun samu gidajen rediyo sun naɗe su, jami'o'i sun yi nazarin su, ɗalibai sun rubuta kundaye a kansu. Kiɗan soyayya kuwa a dandali yake da daji: gaɗar 'yan mata, kalangun samari, shantu a cikin gida, da sarewa a bayan shanu. Ba shi da ubangida mai ba da doki da riga, don haka ba a damu da adana shi ba.

Akwai dalilin da ya sa busa ta dace da soyayya a wurinmu fiye ma da Turai, wato kunya. Tarbiyyar Fulani ta pulaku ta ginu ne a kan kunya da haƙuri da hankali, Bahaushe ma yana ganin rashin ta ido ne saurayi ya fito fili ya bayyana abin da ke ransa. A al'ummar da mace ba ta kiran sunan mijinta, uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, dole zuciya ta nemi wata ƙofa. Sarewa ba ta ambaton suna. Wadda aka busa dominta ta gane, sauran jama'a kuma sun ji busa kawai.

Ko a adabin Musulunci wannan ma'ana tana nan. Maulana Jalaluddin Rumi, wanda ya rasu a Konya a 1273, ya buɗe babban diwaninsa na Masnawi da kukan sarewa da aka yanko daga cikin 'yan'uwanta a fadama, ya mai da ita misalin ruhin da ke begen komawa ga asalinsa. Kalmar bege kanta a Hausa tana ɗaukar ma'ana biyu: kewar masoyi, da shauƙin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi.

Abin da malamai suka ce

Ba a maganar kiɗa da busa a birnin Shehu a tsallake hukunci. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya soki kaɗe-kaɗen fadojin sarakunan Hausa a Kitabul Farƙ, ya kuma yi tsananin hani ga cuɗanyar maza da mata a wuraren wasa. Daga baya, a Najmul Ikhwan, ya kawo saɓanin malamai kan kayan kiɗa, ya ja hankalin almajirai da kada su yi gaggawar hukunta jama'a a kan mas'alar da magabata suka saɓa. Ƙanensa Malam Abdullahi na Gwandu ya fi shi tsanantawa, ya kuma bayyana matsayinsa a Liya'us Sulɗan. Wani masani Bajamushe, Veit Erlmann, ya tattara waɗannan rubuce-rubuce cikin littafin da ya fitar a 1986.

Saɓanin yana nan har gobe, kuma kowa yana da malamin da yake bi. Abin lura shi ne, da yawa daga abin da aka sani game da kayan kiɗan ƙasar Hausa na farkon ƙarni na 19 ya zo ne ta alƙalamin waɗannan malamai. Sun ambaci abin da suka tarar kafin su yanke masa hukunci. Rubuta tarihin abu daban, halatta shi daban, kuma shugabannin jihadi ba su taɓa jin tsoron rubutu ba.

Yadda ta mutu, da yadda ta tashi

Daga tsakiyar ƙarni na 18 rikoda ta fara ja da baya. Kiɗa ya bar ɗaki ya koma manyan zauruka, ƙungiyoyin makaɗa suka ƙaru, aka koma ga sarewar da ake riƙewa a kwance saboda ta fi ƙarfi da sassauya murya. Kafin ƙarni na 19 ya yi nisa, babu maƙerinta, babu malaminta. Ta zama kayan gidan tarihi.

Wani mai ƙera kayan kiɗa a Ingila, Arnold Dolmetsch, ya sayi wata tsohuwa a 1905, ya koyi busa ta daga wani tsohon littafi. A 1919 ƙaramin ɗansa ya manta jakar da take ciki a tashar jirgin ƙasa ta Waterloo da ke Landan. Rashin ya tilasta wa uban ya zauna ya ƙera sabuwa bisa awon da ya riga ya rubuta. Daga nan sana'ar ta farfaɗo, makarantun Jamus da Ingila suka karɓe ta, aka soma yin ta roba wajejen Yaƙin Duniya na Biyu, har ta iso jakar ɗan firamare a Sakkwato.

Abu uku ne suka ba da damar wannan farfaɗowa: tsofaffin sarewun da aka adana, littattafan koyarwa irin na Ganassi, da rubutaccen karin waƙa irin na Van Eyck. Sarewarmu ba ta da ko ɗaya daga ciki a wadace. Kara ba ya shekara ɗari. Koyon busa daga baki ne zuwa kunne. Karin kuwa yana cikin kan mai shi.

Halin da ake ciki

Abubuwa da dama sun taru a kan sarewa. Wayar hannu ta shiga aljihun da take zama, makiyayi na sauraren waƙa maimakon ya busa tasa. Waƙoƙin finafinan Hausa, waɗanda suka bunƙasa tun daga shekarun 1990, cike suke da amon sarewa da suka gado daga finafinan Indiya, amma akasari daga fiyano yake fitowa, yatsa ne a kan maɓalli babu numfashi. Mafi muni shi ne rashin tsaro. A gabashin jihar, yankunan Isa, Sabon Birni, Rabah da Goronyo, satar shanu da hare-haren 'yan bindiga sun tarwatsa rugage da ƙauyuka, dandali ya mutu, kiwon dare ya zama kasada. Wanda ke gudun ceton rai ba ya tsayawa koya wa ɗansa busa. Haka kuma zargin da ake yi wa Fulani a dunƙule ya sa al'adunsu masu kyau ma ana kawar da kai daga gare su.

Gyaran ba ya buƙatar biliyoyi. Cibiyar Tarihi da Al'adu ta Waziri Junaidu tana nan a Sakkwato, haka Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da sashenta na harsunan Najeriya, haka gidan Rediyon Rima da rumbun tsofaffin faya-fayansa. Abin da ake buƙata shi ne a nemo dattawan da suka rage, waɗanda da yawansu gudun hijira ya kawo su cikin gari, a naɗi busarsu da sauti da hoto, a rubuta sunan kowane kari da lokacin da ake busa shi, a auna tsawon sarewar da tazarar hudojinta, a ajiye samfuri. Wayar da ta kori sarewa ita ce kuma za ta iya ceton ta, tunda kowace tana naɗar murya.

Jami'an ilimi su ma suna da rawar takawa. Manhajar ilimin bai ɗaya ta ƙasa tana da darasin al'adu da fasahar ƙirƙira. Makarantar da ta ga dacewar koya wa yaro sarewar roba da aka yo oda daga ƙetare ba ta da hujjar ƙin nuna masa ta kara, ko da sau ɗaya a zango, ya san yadda ake yanka ta da yadda ake huda ta. 'Yan kasuwar da ke shigo da ta roba katan katan za su iya gwada ajiye ta gida a gefe, ko mai sassaƙa ta ya samu na cefane.

Hausawa na cewa kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Turawa sun yi sakaci da tasu sarewar fiye da shekara 100, suka dawo suka tarar da takardu na jiran su. Idan dattijon ƙarshe da ya iya busar rugar gabashin Sakkwato ya kwanta dama ba a naɗe shi ba, jikokinmu za su dawo nema su tarar babu takarda, babu kara, babu wanda zai tuna musu yadda karin yake.